Wasiƙa daga Gadarif: Masu ɗinkin bargo a gida da keken da ya rasa mai gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga garin Gadarif da ke gabashin Sudan, inda nake zaune da iyalina tun ƙarshen shekarar 2023. Ina karanta jaridarku a waya duk ranar da intanet ya samu, kuma nakan karanta wa matan da muke aiki tare, domin yawancinsu Hausa ce a bakinsu amma karatunsu na Larabci ne, ba su saba da rubutun boko ba. Su ne suka matsa mini in rubuto, suka ce tun da kullum ana ba da labarin yaƙin ƙasar nan, ya kamata 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar su ji abin da hannuwan mata suke yi a cikinsa. Sana'armu ita ce ɗinkin bargo na ƙyallaye, wato a harhaɗa guntayen yadi su zama fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa wani yadin a baya, sannan a bi su ukun da ɗinki har su zama abu ɗaya. Muna kuma ɗinka zanen gado da rigar matashi da kayan yara, amma bargon shi ne ya tara mu, kuma a kansa nake son in yi magana.

Mun bar Wad Madani a watan Disamba na 2023, lokacin da faɗa ya iso garin, wata takwas bayan ɓarkewarsa a Khartum ranar 15 ga Afrilu. Ban da yara da 'yan takardu, abin da na iya ɗauka shi ne kan keken ɗinkina, tsohon Butterfly baƙi, wanda na kwance daga teburinsa na naɗe a zane. Ƙarfe ne mai nauyi, kuma a cikin motar da muka shiga an yi ta ce mini in sauke shi domin a samu wurin mutum, na ɗora shi a cinyata har muka iso. An sauke mu a ajin wata makaranta a tsakiyar sanyi. Wanda bai san Sudan ba yana tsammanin zafi kawai gare mu, amma daren Disamba da Janairu idan iskar arewa ta taso, yaron da ke kwance a tabarma bisa siminti ba ya barci, kuma tarinsa ba ya barin kowa ya yi barci. Bargon farko da na ɗinka a nan da hannu na yi shi, daga rigunan makarantar yara da suka yage da tsohon tob, wato lafayar matan Sudan, na surukata, na cusa masa audugar wani matashi da ya fashe. Matan da ke ajin suka gani, wata ta kawo tsummanta, wata ta kawo allura, kafin sanyin ya wuce mun zama mu 11.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, ko da yake da yawa sun manta. Lifidin da 'yan lifida suke sa wa dawakai a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau ɗinki ne irin namu, yadi biyu da auduga ko audugar rimi a tsakani, an bi shi da zare layi-layi har ya yi kaurin da zai tare kibiya. A nan Sudan ma mahayan zamanin Mahadi sun sa wa dawakansu irinsa, kuma jibbar da aka san Ansaru, mabiyan Mahadi, da ita ta fara ne da mahon talauci da gudun duniya, kafin a zamanin Halifa Abdullahi mahon ya koma ado mai launi da ake tsarawa da gangan. Kakata, wadda aka haifa a Maiwurno a bakin Kogin Nilu Shuɗi, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ta iya gurza da shiɓa da kaɗi, kuma ban taɓa ganin ta jefar da ƙyallen da ya kai tafin hannu ba. A wurinta na koyi cewa ƙyalle yana da gaba da baya da tsaye da kwance kamar mutum, kuma wadda ba ta kula da wannan ba bargonta zai karkace ko da ta fi kowa iya taka keke.

Na kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa iyawa tana nan a hannun mata. Tun zuwanmu sau biyu ana tara mu a ba mu horon ɗinki na mako guda, a koya wa matar da ta shekara 30 tana ɗinki yadda ake zura zare a allura, a raba takardar shaida, a tafi. Ba na raina niyyar waɗanda suka shirya, kuma 'yan matan da ba su taɓa riƙe almakashi ba sun ƙaru. Amma abin da ke tsayar da aikinmu kullum yana wani wuri dabam, kuma babu wanda ya tambaye mu shi.

Abu na farko allura ce. Keken gida irin namu, Butterfly ko tsohon Singer, yana ɗinka yadin riga da allura mai lamba 14, amma idan aka zo kan bargo mai hawa uku sai mai lamba 16, wani lokaci 18, musamman a mahaɗar da kusurwoyi huɗu suka gamu, inda yadi yake ninkuwa har sau takwas. Allurar da ake samu a kasuwa yanzu yawancinta mara kyau ce: ko ta lanƙwashe, ko bakinta ya dakushe kafin a gama bargo ɗaya, kuma allurar da ta lanƙwashe ba karyewa kawai take yi ba, tana gogar bakin shatil, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin allura mai harɗe zaren sama da na ƙasa, tana yi masa kaushi, daga nan zare ya fara tsinkewa, ɗinki ya fara tsallake. Mace sai ta yi zaton hannunta ne ya lalace, ta yi ta matsa zare tana sassautawa, alhali ciwon yana can ƙasa inda ba ta gani. Zaren ma haka yake. Wanda ya daɗe a shago cikin zafin nan yakan ruɓe, ka ja shi da yatsa biyu ya katse, kuma bargon da aka ɗinka da shi zai fara warwarewa a wanki na biyu, bayan mai saye ya riga ya biya kuɗinsa ya san sunan wadda ta ɗinka.

Sai man keke. Gadarif garin riɗi ne, man riɗi yana ko'ina, kuma da man keke ya yi wuya wasu daga cikinmu suka ɗiga wa kekensu shi. Kwana biyu keken ya yi laushi kamar sabo, bayan wata guda man ya daskare ya haɗu da ƙura da gashin auduga ya zama danƙo, keken ya cije. Sai da muka kwance shi muka wanke da kananzir, kuma tun daga ranar muka sa wa kanmu doka cewa man girki ba ya kusantar keke ko da za a yi mako ba a ɗinki. Bel ɗin fata da ke haɗa feda da kan keke shi ma yana saki yana tsinkewa, mun koyi yanke shi mu sake huda shi mu ɗaure da waya, har wani baduku ya yanka mana sabo daga fatar sa.

Waɗannan duka muna iya lallaɓawa. Wanda ya fi ƙarfinmu shi ne rashin mai gyara. A Madani akwai wani dattijo a kusa da kasuwa wanda da jin ƙarar keke yake gane ciwonsa, kuma ban san inda yaƙi ya jefa shi ba. A nan masu gyaran da muka samu kaɗan ne, teloli maza masu shago sun riga mu a wurinsu, kuma mace mai keke ɗaya a gida sai ta jira. Wani yaro da ya ce ya iya ya kwance mana keke guda domin ya daidaita saukar allura da juyawar shatil, ya mayar da shi ba daidai ba, ya kuma ɓatar da wani ɗan ƙaramin noti. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, kuma mun gani da idonmu. Kekuna uku muke da su tun muna mu 11, ɗaya daga cikinsu wata biyu ke nan yana rufe da zane. Keken da ke kwance a wurinmu abincin gida huɗu ne ya tsaya, domin karɓa-karɓa muke yi a kansa, wata da safe, wata bayan azahar. An taɓa ba wata maƙwabciyarmu keken lantarki kyauta, mai kyau ƙwarai, amma wuta tana zuwa tana ɗaukewa ba a san lokacinta ba, kuma ranar da wani abu ya ƙone a cikinsa babu wanda ya iya buɗe shi. Duk mai niyyar taimakon mata da keke a wuri irin namu, ya ba su na ƙafa ko na hannu, baƙin ƙarfen nan da kowane sashinsa ake iya kwancewa da sukundireba.

Maganar auduga ita ce ta fi taɓa mini zuciya. Tun da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, waɗanda daga baya suka kai kimanin fadan miliyan 2 (fadan ɗaya ya ɗara eka kaɗan), hannun Hausawa da sauran mutanen yamma yana cikin cirar audugar, kuma da yawa daga kakanninmu da suka fito da niyyar aikin hajji a nan suka tsaya neman guzuri har suka zauna. Na tashi ina ganin motoci suna kai auduga injinan gurza na Marinjan da Hasahisa, kuma kafin kowace salla munajjid, wato mai shiɓar audugar katifa, yakan shigo unguwa da bakansa, a fito masa da katifu da lihaf, wato shimfiɗa mai cushen auduga, ya farke su ya shiɓe audugar ta tashi kamar sabuwa. Yau ana noman auduga a yankin Gadarif da Fao, amma ta manyan 'yan kasuwa ce, a dunƙule take tafiya, kuma mace mai neman kilo biyu gurzajje domin bargo ɗaya ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Sai muka koma aikin kakanni. Muna sayen wadda ba a gurza ba, mu cire angurya da ƙarfe a kan dutse, mu shiɓe da ƙaramin baka. Aiki ne mai cin rana, kuma ba a yi masa ha'inci, domin angurya guda da ta saura a ciki za ta fitar da mai ta ɓata fuskar bargo, ta kuma kira ɓera. Idan auduga ta gagara, mukan sa tsohon bargo ko rigunan sanyi na gwanjo da muka farke muka shimfiɗa, sai dai irin wannan yana da nauyi kuma ba ya bushewa da wuri.

Duk da haka an samu ci gaba, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina kuka. Bargunanmu na shekarar farko yawancinsu sun karkace, wasu sun tattare, wasu audugarsu ta taru a gefe guda bayan wanki. Kowane kuskure ya koya mana abu. Yanzu ba ma yanka ƙyalle sai mun jiƙa shi ya kwana, domin atamfa da damur, wato yadin auduga saƙar Sudan, suna tsukewa, na roba ba ya tsukewa, kuma jan yadi da shuɗi sukan zuba su rina farin da ke kusa da su. Muna ware mai kauri da mara kauri, ba ma haɗa yadin wando da na tob a fuska ɗaya. Mun yanka ma'auni daga kwali domin kowane ƙyalle ya fito daidai da ɗan'uwansa, muna barin faɗin yatsa guda na ɗinki a kowane gefe, kuma kowace mahaɗa sai an danne ta da dutsen guga na gawayi kafin a ci gaba. Tsohon tob ya zama mana babbar dukiya, domin tsawonsa yakan kai mita huɗu da rabi, idan aka raba shi biyu aka haɗa yana rufe bayan bargo gaba ɗaya, ga laushi a jikin yaro. Kafin a kai wa keke, mukan shimfiɗa hawa ukun a tabarma, mu riƙe su da dogon ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe, kuma tsakanin layi da layi ba ma barin abin da ya wuce faɗin yatsu huɗu, in ba haka ba audugar za ta gudu.

Dabarar da ta fi sauya mana aiki wata yarinya ce 'yar shekara 17 ta kawo ta. Wuyan keken gida gajere ne, kuma tura bargon babban angarib, wato gadon igiya, ta cikinsa kokawa ce da ke karya allura ta kuma kama kafaɗa. Yarinyar ta ga wani bidiyo a waya inda ake gama kowane yanki dabam, da fuskarsa da audugarsa da bayansa, sannan a haɗa yankunan da siririn yadi a rufe mahaɗar. Da farko manyan cikinmu sun ƙi, ni ma ina cikinsu, muna ganin mahaɗar ba za ta yi ƙarko ba. Muka gwada a bargon jariri, aka wanke shi sau da yawa bai motsa ba. Yanzu kowace mace tana ɗaukar yankinta ta tafi da shi ɗakinta ta yi da hannu, keke kuwa sai wajen haɗawa, kuma aikin da yake cin mako uku ya dawo kwana 10. Na ga amfanin sauraron yara a wannan, kuma na ga yadda su ma suka fara tambayar yadda ake shiɓa.

Mun kafa adashi, wanda a nan ake kira sanduk, kuma da kwasar farko muka sayi fitila mai aiki da hasken rana da tabarau uku na karatu da muke ba juna aro, domin mace da ta haura 40 ba ta ganin kafar allura da magariba, kuma da yawa sun daina ɗinki saboda ido alhali ƙaramin tabarau ne maganinsu. Hotunan barguna muna tura su ta WhatsApp ga dangi a Kasala da Port Sudan, kuɗi kuma yana shigowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, wanda ya rage mana wahalar neman takardar kuɗi a lokacin da ta yi ƙaranci.

Sai dai farashi har yanzu yana ba mu wuya. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce, a cikin 2024 ta haura 2,000, kuma allura da zare da man keke duk daga waje suke zuwa ta Port Sudan, don haka abin da muka sayar da bargo a wannan wata ba ya sayen kayan na wata mai zuwa. Mata kuma suna da wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita kullum: idan za su faɗi kuɗin bargo sai su lissafa zare da auduga, su manta da kwanakin da suka yi a sunkuye, kamar lokacinsu ba shi da daraja. Ga kuma bargon roba na kamfani da ya cika kasuwa, har da wanda ake rabawa na agaji, wanda mabukata suke sayarwa da araha domin su sayi dawa. Ba na ganin laifin wanda ya sayar, yunwa ta fi sanyi gaggawa. Amma ina tambayar masu rabon: tun da za a kashe kuɗi a sayo barguna daga wata ƙasa a yi musu dakon jirgi da mota, me zai hana a ware wani kaso a saya daga hannun matan da ke zaune a cikin sansanin da za a raba su? Bargon auduga yana shan gumi, ana farke shi a sake shiɓe shi, yana shekaru, kuma kuɗinsa zai tsaya a tukunyar gidan da ya ɗinka shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma odar barguna 50 kacal da rabin kuɗi a hannu za ta ishe mu mu sayi kayan shekara.

Roƙona ga masu shirya horo shi ne su juya shi ya koma kan gyaran keke. A samo ƙwararren mai gyara guda, a biya shi ya zauna wata uku da mata biyu da samari biyu daga kowace unguwa, ya koya musu daidaita allura da shatil, da sauya haƙoran da ke jan yadi, da gane noti da sifirin, a bar musu sukundireba da filaya da ƴan kayan sauyi. Na ce a sa mata a ciki da gangan, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, kuma ɗaukar kan keke zuwa kasuwa kuɗin mota ne da yinin aiki.

Gare ka kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ba sana'ar ɗinkin gida fili a jaridarku, ko da sau ɗaya a wata, inda tsofaffin teloli da masu gyaran keke na Kano da Zariya da Damagaram za su yi bayani dalla-dalla da Hausa, da hoton kowane sashe da sunansa: me ke sa zaren ƙasa ya dunƙule, me ke sa keke ya ci yadi, yaya ake gane allurar kirki kafin a saya. Bidiyon da yaranmu suke samu da wasu harsuna suke, kuma intanet ɗinmu ba ya ɗaukar bidiyo kullum, amma rubutu yana sauka, ana kuma adana shi a karanta wa wasu. Na san ana zubar da buhunan ƙyallaye a bayan shagunan teloli kafin kowace salla, wasu ma a ƙone su, alhali a Maiduguri da sauran wuraren da mutane suka bar gidajensu akwai mata masu hali irin namu da sanyin hunturu yake samu a kan tabarma. Idan akwai masu wannan aiki a cikinsu, muna son mu ji yadda suke yi da audugar rimi, wadda mu ba mu da ita a nan, da yadda suke hana ta taruwa bayan wanki.

Tun da aka buɗe hanyar Madani a farkon 2025, huɗu daga cikinmu sun koma, sun tarar da ɗakunansu babu ko teburin keke, kuma sun aiko a tura musu ma'aunin kwali da allura mai lamba 16. Mun tura musu ma'aunin da rabin allurar da muke da ita. Mu da muka rage muna da alkawarin barguna tara da za mu miƙa kafin sanyi ya shigo, kuma keken nan na uku yana nan a rufe. Lambar da ke jikin shatil ɗinsa ta goge, amma irin na Butterfly ne na ƙafa, mai ɗaukar bobin, wato kwarkwaron zaren ƙasa, daga gefen hagu. Idan a cikin masu karatu akwai mai gyara da zai iya bayyana a rubuce yadda ake mayar da shi daidai da saukar allura, mataki bayan mataki, ina roƙon ka buga amsarsa, zan karanta wa matan mu gwada da kanmu.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Wata mai ɗinki daga Gadarif, Sudan